Sharhi: "Za Mu Neme Ka"

Sharhinmu na yau a kan 'ya'yanmu ne da ƙannenmu masu neman aiki, da irin ɓarnar da neman yake yi wa zukatansu.

Duk ranar da wata hukumar tarayya ta ce za ta ɗauki ma'aikata, ba sai an yi shela a birnin Sakkwato ba. Ka bi ta shagunan intanet na Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo, za ka gane da kanka. Samari da 'yan mata ne cike da benci, kowa da ambulan ɗinsa mai ruwan ƙasa a hammata. A ciki akwai takardar kammala karatu, da ta bautar ƙasa, da rantsuwar shekaru daga kotu, da shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, da lambar NIN, da hotunan fasfo. Shafin ya ƙi buɗewa. In ya buɗe, hoto ya ƙi hawa. Mai shago ya ce jama'a ce ta yi yawa, a dawo cikin dare. Sai ka ga yaro ya raba dare yana danna waya, har Allah ya sa ya tura. Washegari ya buga 'yar takardar shaida, ya ninke ta a hankali, ya sa a ƙasan akwati.

Daga nan sai shiru. Wata uku, wata shida, wani lokaci shekara ta zagayo, babu wanda zai ce masa an ɗauke shi, babu wanda zai ce masa ba a ɗauke shi ba. In ya yi sa'ar zuwa ganawa, kalma ɗaya ce ake sallamarsa da ita: "Ka je, za mu neme ka." A ganina, wannan ratayewar da ake yi wa mutum ta fi rashin aikin kansa cin rai. Wanda aka ce masa a'a zai yi baƙin cikin kwana biyu, ya karkaɗe rigarsa ya nemi wata hanya. Wanda aka bari cikin tsammani kuwa ba ya iya sakin jiki ya kama komai. Ba zai shiga koyon ɗinki da zuciya ɗaya ba, ba zai bi ɗan'uwansa fatauci Illela ba, don kada suna ya fito ba ya nan. Kullum wayarsa na hannu, kowane saƙo ya shigo gabansa ya faɗi.

Kuma lissafin tun farko ba ya wajensa. A ɗaukar ma'aikatan da Hukumar Kwastam ta buɗe a ƙarshen 2024, mutum sama da 570,000 ne suka nemi gurbi 3,927. Wato a cikin kowane mutum ɗari, ko ɗaya bai cika samu ba. Ba mu manta da ranar Asabar 15 ga Maris 2014 ba, ranar da aka tara masu neman aikin Hukumar Shige da Fice a filayen wasa na ƙasar nan. Fiye da mutum rabin miliyan suka biya naira dubu ɗaya ɗaya, gurbin kuwa bai kai dubu biyar ba. Aƙalla mutum 16 suka mutu a turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, har da mata masu juna biyu. Yanzu yawancin neman a intanet ake yin sa. An daina tattake mutane a ƙofar filin wasa, alhamdu lillahi, amma wahalar ta koma cikin ɗaki, inda babu mai ɗaukar hotonta.

Ga kuma agogon shekaru. Bautar ƙasa tana tsayawa a shekara 30. Aikin kurtun ɗan sanda ba ya wuce shekara 25. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa suna yanke nasu ƙasa da talatin. To yaron da ya shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, yajin aikin malamai ya ci masa wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, laifin wa ne in ya fito shekarunsa sun ja? Kowace shekara ta jira tana rufe masa wata ƙofa, kuma ya san da haka. Shi ne abin da ke hana shi barci.

Kada mu manta daga wane irin gida waɗannan yara suke fitowa. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamban 2022 ya sa Jihar Sakkwato a kan gaba wajen talauci mai fuskoki da yawa, kusan mutum tara cikin goma. Don haka kuɗin data da na buga takardu da na motar zuwa Kaduna ko Abuja domin tantancewa, ba daga aljihun yaron suke fitowa ba. Uwa ce ta kwashi adashinta, ko ta sayar da akuya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin motar ya ninka, ga fargabar hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Ya je ya wuni a layi cikin rana, ya kwana a tasha ko a masallaci, ya dawo hannu rabbana. Nauyin da yake ɗauke da shi a hanyar dawowa shi ne yadda zai haɗa ido da wadda ta sayar da akuyar.

Abin da ya fi dafi shi ne maganar da kowa ke yi a majalisa: "Wa ka sani?" "Kana da uban gida?" "Nawa ake sayar da gurbin?" Wannan ba zargin 'yan zaman banza ba ne. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya zauna a kan cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya, mutane suka fito a bainar jama'a suka ba da shaidar cewa sun biya miliyoyin naira don a ba su takardar kama aiki. Yaron da ya kwana yana bitar tambayoyin jarrabawa, ya wayi gari ya ji wanda bai zauna ta ba ya fara karɓar albashi, me kake so ya ɗauka game da karatu da gaskiya? A nan Sakkwato ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance, kuma a littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki don biyan buƙata cikin munanan ɗabi'un da ya yi yaƙi da su. Abin kunya ne a ce a ƙasarsa ɗan talaka sai ya sayi aikin da haƙƙinsa ne ya nema.

Yanzu bari in juyo gida, domin mu ma muna da namu kason. Da farko tambaya ce ta ƙauna: "Har yanzu shiru?" A hankali sai ta koma gori. "Ga sa'anka can ya yi aure." "Mi ad'amfanin bokon?" Ana kiransa ci-ma-zaune, mai zaman kashe wando. Ita kuma 'ya mace a ce mata da ma aure ta yi tun farko, alhali wata ta haƙura da aikin ne saboda abin da wani marar tsoron Allah ya nema a wajenta kafin ya sa hannu, kuma ba ta iya faɗa wa kowa ba.

Sai ka ga yaro mai fara'a ya daina zuwa majalisa. Ya daina zuwa ɗaurin aure da suna, don gudun tambaya. Ya wuni a ɗaki, abinci sai an matsa masa, ƙaramin abu ya fusata shi. Ciwon kai ba ya sakinsa, ƙirjinsa na bugawa. Wani ya fara da ƙwaya ɗaya don ya samu barci, daga nan sai tiramadol. Mu kuma mu ce lalaci ne, ko raunin imani, ko an yi masa sammu. Likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa, kuma ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani. Mumini ma yana kamuwa da shi. A yi addu'a, a yi tawakkali, a kuma kai shi asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Mu a nan ma Allah ya rufa mana asiri, domin wurin zuwa bai yi mana nisa ba. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, ga sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Matsalar ita ce da an ambaci Kware sai a ce gidan mahaukata, sai iyali su ɓoye ɗansu har abin ya yi nisa. Wannan kunyar tana cutar da mu. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma hana nuna wa masu wannan lalura wariya. Sai dai likitocin fannin a duk Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga mutum sama da miliyan 200. Ke nan ba asibiti ne zai iya ɗaukar duk wanda tsarin ɗaukar aiki ya jikkata ba. Dole a rage jikkatawar tun daga tushe.

Kuma rage ta ba ya cin kuɗi. Hukumar da ta iya karɓar lambar wayar mutum dubu ɗari biyar ta iya tura musu saƙo guda ta ce ba su samu ba. Duk mai tallar aiki, gwamnatin tarayya ce ko ta jiha ko kamfani ko makaranta mai zaman kanta, ya faɗi yawan gurbin, ya faɗi ranar da sakamako zai fito, ya kuma cika alkawari. In an riga an raba guraben, don Allah kada a tara 'ya'yan mutane a rana don cika sharaɗi. A yi tantancewa a nan Sakkwato maimakon a ja yaro zuwa Abuja. A sassauta iyakar shekaru ga waɗanda yajin aiki ya cinye wa lokaci. Malamanmu kuma su ɗauki maganar nan su kai ta mumbarin Juma'a, da sayar da gurbi da gorin da ake yi wa marar aiki duka.

Kai kuma ɗana, ko ke ƙanwata, da ke saurare yanzu da waya a hannu: rashin ganin sunanka a jeri ba shaida ba ce a kan darajarka, gurbin ne bai isa ba. Kada ka jingine rayuwarka kana jiran saƙo, kama abin da ya samu kana nema. In kwanaki sun ja ba ka barci, ko zuciyarka ta fara raya maka cewa gara mutuwa, kada ka yi shiru. Faɗa wa wanda ka amince da shi yau, ku tafi asibiti tare.

Iyaye da yayye, wanda ke da irin wannan yaro a gidansa, ya shiga ɗakin ya zauna da shi, ya tambaye shi lafiyarsa kafin ya tambaye shi labarin aiki.