Tashe, Yawon Sallah da Yaron da Jikinsa Ba Ya Karɓar Gyaɗa

Da zarar azumi ya kai kwana goma, lungunan Ikara da Maƙarfi da Kudan sukan cika da yara masu tashe, suna bin gida-gida bayan shan ruwa, ana ba su hatsi ko kuɗi ko ragowar abin buɗa-baki. Idan Sallah ta zo kuma sai yawon barka da Sallah ya karɓa: yaro ya gaida kaka, ya leƙa gidan gwaggo, ya biya ta wurin maƙwabta, ko'ina ana danƙa masa abin taɓawa. Al'ada ce mai koyar da zumunci, ba na kuwa cikin masu son a kashe ta. Damuwata ita ce yaro ɗaya a cikin ayarin, wanda loma guda za ta iya kai shi asibiti, ko ma ta yi ajalinsa, domin jikinsa ba ya karɓar gyaɗa.

Mutanen Amurka suna da makamanciyar wannan al'ada a daren 31 ga Oktoba, inda yara ke bin gidaje suna karɓar alewa. Tun daga 2014 aka yaɗa wata dabara a can: mai gida ya ajiye kabewa mai launin shuɗi-kore a ƙofarsa, alamar yana da kyautar da ba ta ci ba, domin yaran da wani abinci ke yi wa illa. Su kuma alewarsu a leda take, an rubuta abin da ke cikinta. Mu namu abin ya fi wuya, domin abincinmu daga tukunya yake fitowa, gyaɗa kuwa ta ratsa girkinmu tun kafin zamanin dalar gyaɗa ta Kano.

Mai karatu ya ƙirga da kansa. Akwai kunun gyaɗa, wanda da shi gidaje da yawa ke buɗa baki. Akwai ƙuli-ƙuli da ake kwaɗanta zogale da rama da shi. Yajin tsire da ƙuli ake daka shi, kilishi kuma a cikin labu mai tunkuza ake tsoma shi. Ga dakuwa, ga alewar gyaɗa, ga miyar taushe da fate da akan zuba musu dakakkiyar gyaɗa. Ƙosai da cincin da naman Sallah ma sau da yawa a man ƙuli ake soya su, wato man da mata ke matsewa a gida, wanda ba a tace shi yadda masana'anta ke yi ba, saboda haka sinadarin da ke tayar da cutar yana nan a cikinsa. Ko cokalin da aka juya miya da shi, ko turmin da aka daka ƙuli, ya isa ya kai gyaɗa inda ba a zata ba.

Abin da ke faruwa a jikin irin wannan yaro shi ne, garkuwar jikinsa tana ɗaukar furotin ɗin gyaɗa a matsayin abokin gaba, sai ta yi masa taron dangi. Alamun sukan bayyana cikin 'yan mintoci, ba safai suke wuce awa biyu ba: borin jini da ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko ido, amai da murɗawar ciki. Idan abin ya yi tsanani, wanda likitoci ke kira anafilaksis, harshe da maƙogwaro su kumbura, murya ta dushe, numfashi ya sarƙe, jini ya sauka, yaro ya yanke jiki ya faɗi. Wanda ke da asma ya fi kowa shiga haɗari. Sauƙin da aka gani a karon farko kuwa ba lamuni ba ne cewa karo na biyu zai zo da sauƙi.

A nan ne fahimtarmu ke iya cutar da mu. Yaron da ya ci abinci a gidan wani ya dawo fuska a kumbure, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne sammu ko maita ko kambun baka. Sai a ɗura masa manja ko madara, a tsaya neman mai tofi, lokaci na tafiya. Daga baya a bar wata baiwar Allah da tabon zargi, alhali laifinta kawai ta zuba gyaɗa a miya kamar yadda ta gada. Bahaushe da kansa ya ce abincin wani gubar wani, sai dai mun riƙe maganar a matsayin azanci, mun manta cewa gaskiya ce ta likitanci.

Mataki na farko ga iyaye shi ne tabbatarwa. Duk yaron da ya taɓa nuna waɗannan alamu bayan cin gyaɗa, a kai shi wurin likitan yara, ko da ta kama a je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kada a yanke hukunci a gida. Wani bincike da aka yi kan 'yan makaranta a Gana, aka buga a 2013, ya nuna yara da yawa da gwajin jini ya nuna kamar suna da matsalar, amma suna cin gyaɗa lafiya lau. Kada kuma tsoro ya sa a hana lafiyayyun jarirai ita. Binciken da aka yi a Landan, wanda ya fito a 2015, ya gano cewa fara ba jarirai abinci mai gyaɗa da wuri ya rage kamuwa da matsalar da kusan kashi 80 cikin 100. Gyaɗa abinci ce mai gina jiki, talaka bai da madadinta mai araha.

Idan likita ya tabbatar, sai a ajiye kunya gefe. Kafin azumi ya raba, uwa ta sanar da dangi da maƙwabta, a faɗa musu sunayen abincin ɗaya bayan ɗaya, domin wanda aka ce wa gyaɗa ba lallai ne yajin tsire ya faɗo masa a rai ba. A ciyar da yaron ya ƙoshi kafin ya fita. A haɗa shi da yayansa ko yayarsa mai hankali. A kafa masa doka guda: duk abin da aka ba ka, ka karɓa ka yi godiya, ka kawo gida. A gida sai a musanya masa da abin da aka tabbatar da shi. Ta haka bai ƙi kyautar manya ba, bai kuma zauna a tsakar gida yana jiyo kiɗan tsararrakinsa ba. Masu bayarwa kuma, kuɗi ko dabino ko lemo ko sandar rake, wanda Allah Ya hore wa Maƙarfi da Kudan, duk sun wadatar.

Sai shirin ko-ta-kwana. Maganin anafilaksis allurar adrenalin ce a gefen cinya, cikin gaggawa. Ƙwayar Piriton tana rage ƙaiƙayi, amma ba ta buɗe maƙogwaron da ya toshe. Allurar da iyaye ke yawo da ita a Turai, irin su EpiPen, tana da tsada da wuyar samu a nan, don haka tun kafin Sallah uba ya je asibiti mafi kusa, a Ikara ne ko Maƙarfi ko Hunkuyi, ya tambaya ko suna da adrenalin da wanda zai yi ta da dare, ya kuma tanadi abin hawa. Idan abin ya auku, a kwantar da yaron a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi masa wuya a zaunar da shi, kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya, kada a ɗura masa komai. Ko ya farfaɗo a bar shi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, domin alamun kan dawo bayan wasu awoyi.

Akwai kuma yaron da ba shi da uwa a kusa: almajiri, wanda kullum rayuwarsa bin ƙofa ce, abin da aka zuba masa a kwano shi zai ci. Wajibi ne iyayen da suka san lalurar ɗansu su faɗa wa malaminsa tun ranar da suka miƙa shi. Ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi, da sauran masu karatun lafiya, za su yi babban aiki idan suka kai wannan bayani tsangayu da makarantun Islamiyya da gidajen suna. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa mu ga Sallah lafiya.