Rufewa da buɗewa: waiwaye kan dokokin korona na 2020

Ran 19 ga watan Maris na 2020 aka samu mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Yamai. Tun kwana biyu kafin nan Shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya riga ya ba da sanarwar rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, da iyakokin ƙasa, da makarantu. Masallatai suka biyo baya. Ran 27 ga wata aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana yawo a Yamai daga ƙarfe 7 na maraice zuwa 6 na safe, daga baya aka hana shiga birnin da fita.

Masu goyon bayan rufewa suna da hujja mai ƙarfi. Gidajen likitanmu ba su da gadaje da na'urorin numfashi da za su ɗauki dubban majinyata a lokaci guda, kuma kowa ya ji abin da ya faru a Italiya. Ran 3 ga Mayu cutar ta yi ajalin ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, abin da ya nuna ba ta san babba ba.

Amma dokar ba ta faɗa wa kowa da nauyi ɗaya ba. Ma'aikacin gwamnati ya zauna gida, albashinsa na zuwa ƙarshen wata. Mai tsire da mai shayi da mai tuwon dare kuwa, kasuwarsu ba ta ci sai bayan magariba, daidai lokacin da aka ce kowa ya shiga gida. Gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da na lantarki na Afrilu da Mayu. Taimako ne, sai dai wanda ke sayen ruwa hannun ga-ruwa, ba shi da famfo balle mita, bai gani a ƙasa ba. Su ko fataken Maraɗi da na Ƙonni, ciwo ne kan ciwo, tunda Najeriya ta riga ta rufe iyakarta tun Agusta 2019.

Maganar masallatai ce ta fi zafi. An yi tarzoma a Mirya cikin Maris, aka sake yi a unguwannin Yamai cikin Afrilu, gab da azumi. A ganinmu, da an zauna sosai da limaman unguwanni da sarakuna tun farko, da abin bai kai haka ba.

Buɗewar ta fi rufewar tsari, domin mataki-mataki aka yi ta. Ran 13 ga Mayu aka buɗe wuraren ibada, aka ɗage dokar hana yawon dare, bisa sharaɗin wanke hannu da sabulu, da rufe hanci da baki, da barin tazara tsakanin mutane. Waɗannan sharuɗɗa ne da talaka zai iya cikawa ba tare da ya kwana da yunwa ba. An buɗe hanyoyin Yamai ran 15 ga Mayu, ɗalibai suka koma aji ran 1 ga Yuni, jiragen sama suka dawo ran 1 ga Agusta.

Abin da ya yi jinkiri shi ne iyakokin ƙasa, waɗanda ba a buɗe wa matafiya ba sai cikin Yuni 2021. Wata goma ke nan mai kuɗin jirgi yana tafiya abinsa, ɗan ci-rani kuwa yana bin barauniyar hanya, inda babu mai auna zafin jikinsa balle ya rubuta sunansa.