Gabatar da Kai a Shafukan Neman Aure: Gaskiya Ce Ado

A da, idan saurayi ya ga yarinya ta kwanta masa a rai, maganar takan bi ta hannun gwaggo ko wata tsohuwar unguwa, sannan iyaye su tashi bincike: wane gida ne, wace sana'a, yaya hali. Yau wani ɓangare na wannan aiki ya koma cikin wayar hannu. Akwai shafuka a Facebook da Instagram, da zauruka a WhatsApp, inda masu dalilin aure ke wallafa bayanan samari da 'yan mata da zawarawa: shekaru, jiha, launin fata, matakin karatu, da irin mijin ko matar da ake so. Ko mun yarda da tsarin ko ba mu yarda ba, ƙannenmu da 'ya'yanmu suna cikinsa, don haka ya dace mu tattauna yadda ake shigarsa da mutunci.

Abin ba a nan ya faro ba. An buɗe shafin Match.com a Amurka a 1995, manhajar Tinder ta fito a 2012. Wani bincike da Michael Rosenfeld na Jami'ar Stanford ya jagoranta ya nuna cewa a 2017 kimanin kashi 39 cikin ɗari na maza da matan da suka ƙulla soyayya a Amurka ta intanet suka haɗu. Musulmin Birtaniya ma sun samar da nasu, kamar Muzmatch ta Shahzad Younas, wadda ta koma Muzz a 2022. A cikinta mutum na iya lulluɓe hotonsa har sai ya ga dama, mace kuma na iya sanya waliyyinta ya riƙa ganin hirar da ake yi da ita.

Duk mai rubuta bayanin kansa a irin waɗannan wurare yana son ya burge, kuma babu laifi a nan. Matsalar ita ce yawancinmu mun ɗauka burgewa na nufin ƙarin gishiri. A 2008 Catalina Toma da Jeffrey Hancock da Nicole Ellison sun wallafa wani bincike kan mutum 80 masu neman masoya ta intanet a birnin New York. Sun auna tsawonsu da nauyinsu, sun duba shekarunsu a katin shaida, sannan suka kwatanta da abin da suka rubuta. Kusan takwas cikin goma sun karkata daga gaskiya a kan aƙalla abu guda: maza sun fi ƙara tsawo, mata sun fi rage nauyi. Yawanci ƙaryar ƙanana ce, saboda kowa ya san ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wurinmu kuwa, inda manufar aure ce kai tsaye, ƙaramar ƙarya na iya jawo babbar ɓarna, domin iyalai biyu ne za su gina yarda a kanta.

Mu fara da hoto. Shari'a ba ta hana ganin juna ba. Hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Mugira ɗan Shu'uba da ya kalli matar da yake nema. Hikimar kallon ita ce a san abin da ake shiga. Hoton da aka wanke da manhaja har baƙa ta koma fara, ko wanda aka ɗauka shekara bakwai da suka wuce, ya rushe wannan hikima. Haka ma saurayin da ya jingina da motar maigidansa. Hoto ɗaya na kwanan nan, cikin haske, da sutura ta kamala da sakin fuska, ya wadatar. Macen da ba ta son hotonta ya yi yawo tana da cikakken haƙƙin riƙe shi har sai magana ta kai ga magabata.

Sai kalmomi. Karanta bayanai ashirin a jere, za ka tarar kowa "mai addini ne, mai haƙuri, mai son zaman lafiya". Siffar da kowa ke iƙirari ba ta bambanta kowa. Wanda ya rubuta cewa yana koyarwa a makarantar firamare, yana noman rani, kuma mahaifiyarsa a gidansa take zaune, ya faɗi abubuwa uku da mace za ta iya auna rayuwarta da su. Wadda ta ce ma'aikaciyar jinya ce mai aikin dare sau biyu a mako, kuma ba ta da niyyar ajiye aiki, ta sallami waɗanda ba za su iya ba tun kafin a ɓata wa juna lokaci. Bayani mai kyau yakan rage yawan masu tuntuɓa, ya bar waɗanda suka dace. Haka nan a rage jerin sharuɗɗa. Mai neman fara, doguwa, hafiza, 'yar ƙasa da shekara ashirin, mai digiri, alhali bai faɗi komai game da kansa ba, ya nuna cewa kasuwa ya zo.

Akwai abubuwan da ɓoye su ha'inci ne: ainihin shekaru, auren da ake da shi ko aka taɓa yi, yawan 'ya'ya, da garin da za a zauna. Magidancin da ya kira kansa saurayi, ko ya yi shiru kan matarsa da 'ya'yansa huɗu, ya fara gini a kan yashi. Sai kuma nau'in jini. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar ɗa mai cutar sikila, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na nau'in jini. Tunda gwajin na nan tafe, faɗin sakamako a layin farko ya fi sauƙi a kan rabuwa bayan an shaƙu, an kai gaisuwa, an haɗa lefe.

Faɗin gaskiya kuma bai zama tona komai ba. Adireshin gida, sunan wurin aiki, lambar asusu da hotunan yara ba na bainar jama'a ba ne. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta bayyana cewa a 2022 kusan mutum 70,000 sun kai ƙarar damfarar soyayya, asarar ta kai dala biliyan 1.3. Salon maɗamfaran kusan ɗaya ne ko'ina: soyayya mai zafi cikin kwana uku, uzurin ƙin haɗuwa ido da ido, sannan rashin lafiya ko tafiyar gaggawa mai buƙatar kuɗi. Duk wanda ya nemi kuɗi ko hoton tsiraici kafin ya nemi sanin waliyyi, ya riga ya bayyana kansa.

Shi ya sa jimla mafi daraja da mace za ta sa a bayaninta ita ce cewa mahaifinta ko yayanta na sane, kuma ta wurinsa magana za ta ci gaba. Mai wasa zai janye, mai niyya zai ƙara natsuwa. Iyaye ma su daina ɗaukar batun abin kunya, domin yarinyar da ke tsoron faɗa wa uwarta inda ta haɗu da manemi ita ce ta fi saurin faɗawa hannun mugu. Waya na iya haɗa mutum biyu, amma tambayar maƙwabta, da liman, da abokan sana'a har yanzu aikin dangi ne, kuma babu manhajar da ta ɗauke musu shi.

Ga mai shirin rubuta nasa, ga ma'auni guda: ka karanta shi kamar surukinka na gobe na zaune a gabanka. Duk layin da zai sa ka sunkuyar da kai, goge shi. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa na alheri.