LAFIYARKI JARINKI: Amarya Ta Koma Tatata

 

Wasiƙar wannan wata ta fito ne daga wata ƙanwata a Kibiya, wadda ta roƙi a sakaya sunanta. Ta ce ranar wasannin makaranta ta yi tsalle ta diro, sai ta ji "ɓas" a gwiwa, kafin magariba ƙafa ta kumbura suntum. Aka kai ta wurin mai ɗori a Rano, ya lalube ya ce ba karaya. Sai a Asibitin Ƙashi na Dala aka gano jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke, aka yi mata aiki. Yau wata huɗu ke nan, ciwo ya lafa amma ɗingishi ya ƙi tafiya, ga shi an sa bikinta bayan Babbar Sallah. Inna ta ce ta daina wahalar da ƙafar, za ta saki da kanta. Shi kuwa angon, in ya zo zance a zaune take tarbarsa don kada ya ga tafiyarta.

To ƙanwata, ki gaishe min da Inna, amma a nan kam zama ba magani ba ne. Likita ya gama nasa, saura naki, wato ki sake koyon tafiya kamar mai tatata.

Ga dalili. A kan ƙasusuwan gwiwa akwai guringuntsi mai santsi, wanda jini ba ya ratsa shi. Ruwan cikin gaɓa ne abincinsa, kuma kamar soso yake: in kin taka ya matse, in kin ɗaga ya tsotsa. Wadda ta saba sandare gwiwa tana jingina nauyinta a ɗaya ƙafar, naman cinyarta zai tsotse, guringuntsin kuma ya riƙa lalacewa a ɓoye. Binciken likitoci ya nuna kusan rabin waɗanda wannan jijiya ta tsinke musu sukan gamu da amosanin gwiwa cikin shekara 10 zuwa 20, har da waɗanda aka yi wa aiki. Ke da kike 18, yi lissafi. Lokacin kina tsakiyar hidimar gida, ga goyo a baya.

Saboda haka ki koma wajen masu gashin ƙashi, ki ce musu tafiyarki kike so a duba, ba ciwo kaɗai ba. In kuɗin motar Kano ya yi nauyi, su rubuta miki atisayen da za ki riƙa yi a gida, ki riƙa zuwa lokaci-lokaci.

A gida kuwa, share tsakar gida, ki baza rairayi ki bi ta kai, sannan ki waiwaya ki dubi sawunki. Tazarar dama da ta hagu su zo daidai. Diddige za ki fara ajiyewa, gwiwa ta miƙe sosai, ta ɗan lanƙwashe yayin da nauyinki ya sauka a kanta, sannan ki tashi da yatsu. Ki sa ƙanwarki ta kalle ki ta baya, in kina karkacewa ta faɗa miki. In gwiwar ta kumbura washegari, kin wuce gona da iri, sai ki rage.

Ban da ɗaukar tulu a hanya mai duwatsu irin namu na Rano, ban da takalmi mai tsini ranar kamu. Dogon tsugunno da durƙuson gaida surukai, sai mai gashi ya ba ki izini. Komawa wasannin tsalle da guje-guje kuwa, likitoci kan ce a jira aƙalla wata 9 bayan aiki.

Maganar ango kuma, haba ƙanwata! Ɓoyon na mene ne? Ki tashi ki taka a gabansa, ki gaya masa gaskiya. In mai sonki ne tsakani da Allah, shi zai fara tambayar yaushe za ki koma asibiti. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ƙara sauƙi, Ya kai mu ranar lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum,
Antinku