Wa Zai Ɗinke Tutar Makarantarmu?

Kullum in zan tafi kasuwa sai na bi ta ƙofar firamaren da na yi. Sandar tuta tana nan inda na bar ta shekara talatin da ɗoriya, amma abin da ke rataye a kanta ya fi kama da tsumman goge tukunya. Koren ya koɗe, farin ya sha ƙurar hunturu har ya koma ruwan ƙasa, iska kuma ta yage gefe guda. A zamaninmu hedimasta da kansa yake sauke ta, ya naɗe ta kamar rawaninsa na Salla, ya kulle a kabad. Yaron da ya bari ta taɓa ƙasa kuwa, ranar jikinsa zai gaya masa.

Abin da ya tuna mini da wannan shi ne 16 ga Satumba, ranar da Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa ke kira a girmama tuta da take da tambarin Najeriya. Ina bayan wannan rana. Tsorona kawai kada ta ƙare a jawabi a Abuja, a tafa, a watse.

Bahaushe ba baƙon tuta ba ne. Bayan 1804, tuta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa bai wa almajiransa: Malam Yakubu ya nufi Bauchi, Buba Yero ya nufi Gombe, Umarun Dallaje Katsina, Modibbo Adama kuma Fombina. Duk wanda aka miƙa wa tuta, amanar jama'a aka ɗora masa: ya yi adalci, ya tsare rai da dukiya. Har gobe in mutum ya yi fice, cewa muke ya ciri tuta. A wurinmu darajar tuta tana hannun mai riƙe da ita.

Tamu ta yau, wani ɗalibi ne a Landan, Michael Taiwo Akinkunmi, ya zana ta, ya ci gasa da ita gab da samun 'yancin kai. A zanensa akwai jar rana a tsakiya, alƙalan gasar suka cire ta, aka ba shi fam 100. Ranar 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila a Legas aka ɗaga tasa. Sai a 2014 ƙasa ta ba shi lambar girma. Da ya rasu a watan Agustan 2023, gawarsa ta shekara ba a binne ba, iyalinsa na jiran jana'izar girmamawa da aka yi musu alkawari. In haka muka yi wa mai zanen, ina mamakin abin da ya sami zanen?

A aji uku aka koya mana cewa kore noma ne da albarkar ƙasa, fari kuma zaman lafiya. To, alkawari biyu ke nan aka rataya a kan sanda. Je ka ce wa manomin Zamfara, wanda sai ya biya 'yan bindiga kafin ya taka gonar gadonsa, ya miƙe ya sara wa kore da fari. Zai miƙe, don yana da kunya, amma me zuciyarsa ke faɗa?

Mun ga amsar a watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, da wasu matasa a Kano da Kaduna suka fito da tutar Rasha, har aka kama telolin da suka ɗinka. Abin ya ƙona mini rai, kuma kuskure ne babba: ba a fushi da gida a kira baƙo ya karɓi makulli. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ya haɗa 'yan canjinsa ya kai wa tela ya san tuta magana ce. Ya zaɓi wadda ya san za ta sa manya su juyo su dube shi, kuma sun juyo. Watanni biyu kafin nan, cikin 'yan kwanaki Majalisa ta maido mana da taken ƙasa na 1960. Da irin wannan hanzarin ake duba farashin kwanon masara, da telolin nan ba su sami ciniki ba.

Shawarata ba ta da tsada. Muna da ƙananan hukumomi 774. Duk ranar 16 ga Satumba, kowane ciyaman ya je firamaren da ta fi lalacewa a yankinsa, ya ɗaga sabuwar tuta da hannunsa. In ya gama, kada ya shiga mota. Ya shiga aji ya ƙirga bencina, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya tambayi malami yaushe rabonsa da albashi a kan kari.

Ni dai na sayi yadi, kore da fari, na kai wa telan unguwarmu. Ranar Litinin zan kai makarantar. Yara za su jeru su gaishe ta da take, sannan su shiga aji su zauna a ƙasa. Wannan yagewar kuwa ta fi ƙarfin allurar tela.