OK ba daga fagen yaƙi ta fito ba

Akwai wani labari da ke yawo a WhatsApp, har wasu abokan aikina sun fara karanta shi ga masu saurare: wai kalmar OK ta samo asali ne daga yaƙin basasar Amurka, inda sojoji kan rubuta sifili da harafin K a allo idan ba a kashe musu kowa ba. Labarin da daɗin ji, amma ƙarya ce tsagwaronta. An fara wannan yaƙi a 1861, ita kuwa OK ta fito a jarida tun ranar 23 ga Maris, 1839. Yaushe ɗa ya girmi uwarsa?

Jaridar Boston Morning Post ce ta buga ta, kuma da wasa. A lokacin ana yayin ɓata rubutun kalmomi da gangan sannan a taƙaita su. Sai aka ɗauki "all correct", wato komai daidai, aka mai da ita "oll korrect", aka tsinci haruffa biyun farko. Galibin irin waɗannan barkwanci sun mutu. Wannan ta rayu saboda zaɓen 1840: Shugaba Martin Van Buren ɗan garin Kinderhook ne, ana yi masa laƙabi da Old Kinderhook, magoya bayansa kuma suka kafa ƙungiya mai suna O.K. Ya sha kaye, kalmar ta wuce abinta. Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ne ya tono wannan duka daga tsoffin jaridu, ya wallafa a 1963 da 1964.

Wasu kuma cewa suke yi bayi ne suka kai ta Amurka daga harshen Wolof. Ni ma da zan so haka, amma so ba hujja ba ne. Girkawa sun ce tasu ce, an kuma jingina ta ga ƙabilar Choctaw. Kowa na da zato, Boston ce kaɗai ke da takarda mai kwanan wata.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mu masu riƙe da makirufo. Manomin da ya rataya rediyo a reshen gawo ba shi da intanet da zai bincika. Idan ya ce "rediyo ya faɗa", gardama ta ƙare a dandali. Mai gabatar da shirin da ya ƙi ba da minti biyar ya tantance haruffa biyu, me zai yi ranar da aka turo masa adadin waɗanda suka mutu a hari?