Talla Ko Kuɗin Wata: Wanne Zai Riƙe Mai Sana'ar Intanet?

Duk mai shirya fim, labarai ko darussa yana sakawa a intanet, hanya biyu ce gare shi ta samun abinci: ko ya bari a kalla kyauta masu talla su biya shi, ko kuwa ya rufe ƙofa sai ga wanda ya biya kuɗin wata. A ganinmu, wanda ya yi gaggawar rufe ƙofa a Nijeriya zai kwana da yunwa.

Masu goyon bayan kuɗin wata sukan kafa hujja da jaridar New York Times ta Amurka, wadda ta soma cajin masu karanta ta a intanet a 2011, kuma ya zuwa 2023 masu biyanta suka haura miliyan 10. Hakan gaskiya ne, amma aljihun ba ɗaya ba ne. Mai kallonmu, kafin ya ga minti guda ya riga ya biya kamfanin waya kuɗin data. A ce kuma ya sake biyan mai fim, to nan fa ake yin ta. Kamfanin iROKOtv ya ɗanɗana: daga YouTube ya faro, ya koma karɓar kuɗin wata, amma a 2020 sai da ya rage harkokinsa a Afirka ya fuskanci mazauna Turai da Amurka.

YouTube kuwa yana ba mai shiri kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla, kuma da dala ake lissafi, abin da ya ƙara armashi tun faɗuwar darajar naira a 2023. Ba banza ba masu finafinan Hausa irin su Izzar So suka tare a can. Sai dai rumfar aro ce. Mai talla ya fi daraja idon Ba'amurke a kan na Bakano, kuma mai rumfa yakan sauya doka ba shawara, kamar yadda ya yi a 2018, inda ya ce ba mai samun ko kwabo sai yana da mabiya 1,000 da kallon awa 4,000 cikin shekara.

Inda kuɗin wata zai yi tasiri a nan shi ne bayanin da ke jawo wa mai saye riba. Ɗan kasuwar da ba zai biya don nishaɗi ba zai biya da murna in za a riƙa aiko masa da sahihin farashin riɗi da masara na kasuwar Dawanau kowace safiya, kafin abokin gasarsa ya ji.